Agabba da Sarautar Adar: Sake Duban Littafin Djibo Hamani

A shekarar 1975 ne cibiyar binciken IRSH ta Yamai ta buga littafin Djibo Hamani kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Sunan littafin kansa hujja ne, domin ya sanya Adar cikin jerin ƙasashen Hausa, alhali wanda ya kafa gidan sarautarta daga Abzin ya fito.

Muhammadu Agabba ɗa ne ga Sarkin Abzin Muhammadu al-Mubarak. A 1674 ya jagoranci rundunar mahaifinsa, ya karya ikon Kabi a kan Adar. Ya gaji gadon Agadas a 1687, ya daɗe a kai, har ɗan'uwansa ya tuɓe shi a 1721. Sai ya koma ƙasar da ya ci da yaƙi, ya zauna Birnin Adar, kuma daga zuriyarsa ne sarakunan Adar na Illela suka fito. A daidai zamanin nan, sarakunan yankunan Japan, wato daimyo, sai an tilasta musu zaman Edo shekara bayan shekara don kada su yi ƙarfi a gida. Agabba kuwa rasa babban birni ne ya ba shi gida.

Ƙarfin aikin Hamani shi ne haɗa rubutattun tarihohin Agadas da bakin tsofaffin Adar. Sai dai ma'aunin biyu ba su yi daidai ba. Rubutun fada yana da shekaru da sunaye, don haka mai karatu yake saurin ba shi gaskiya. Azna, masu ƙasar da aka tarar suna noma a kwaruruka da gindin duwatsu, abin da suka bari ambaton kakanni ne da wuraren tsafi, ba kwanan wata. A ganina nan ne malamin makaranta yake tuntuɓe: yana ɗaukar 1674 tamkar ranar haihuwar Adar, ya manta cewa ba a cin ƙasar da babu kowa.

Littafin da Faransanci yake. Yaron Malbaza ko na Birnin Ƙonni da zai so ya gwada abin da kakarsa ta faɗa masa da abin da Hamani ya rubuta, sai ya fara ratsa harshen da kakar ba ta ji.