Gushewar Magana a Finafinan Gwajin Hankali

A cikin finafinan ban tsoro da Turawa su ke shiryawa akwai wani rukuni wanda labarinsa ya ke tafiya kusan hanya ɗaya kullum. Wani masani ne zai ga ilmin da ke hannunsa bai ishe shi ba, sai ya nemi hanyar jujjuya hankalin ɗan Adam, ko da magani, ko da na'ura, domin ya ga abin da ke bayan labule. Daga nan sai gwaji ya fi ƙarfin mai gwaji. Masu sharhi sun saba duban waɗannan finafinai ta wajen dodannin da ke cikinsu. Wannan takarda kuwa za ta dube su ta wajen harshe, domin idan aka lura, za a ga ma'aunin da su ke auna mutuntaka da shi ita ce magana, kuma inda fim ya fi ratsa jiki shi ne inda maganar ta gagara.

Kafin a shiga, ya kamata a daidaita kalmomi. Abin da masu finafinan nan su ke nufi Bahaushe ya rarraba shi gida-gida. Akwai hankali, wanda a ke cewa ya gushe. Akwai hayyaci, wanda a ke fita daga cikinsa a kuma komo. Akwai zuciya, wadda ta ke raya wa mutum abu, sa'an nan ga rai da kurwa. Kalmar da ta fi kusa ita ce hayyaci, watau sanin da mutum ya ke da shi cewa shi ne shi, yana nan, a wannan lokaci. Amma da ya ke hankali ya fi yawo a bakin jama'a, shi za a riƙa faɗa, a bisa wannan ma'ana.

Tushen rukunin shi ne labarin Dakta Jekyll da Mista Hyde, wanda Robert Louis Stevenson ya wallafa a 1886, aka kuma mai da shi fim sau da yawa. Wanda Rouben Mamoulian ya shirya a 1931 shi ya fi suna. A cikinsa likita ya sha wani haɗi domin ya raba nagarta da mugunta da ke cikinsa, sai kamanninsa suka rikiɗe, ya yi gashi da haƙora kamar biri. Tun a nan wata matsala ta bayyana wadda ba ta rabu da finafinan nan ba har yau. Na'urar ɗaukar hoto ba ta iya ɗaukar hankali, jiki kaɗai ta ke gani. Sabo da haka duk sauyin da ya auku a ciki, tilas a fito da shi a fatar jiki kafin 'yan kallo su gan shi. Ko da ya ke haka ne, Hyde bai rasa bakinsa ba. Yana magana, yana ba'a, yana barazana, shi ya sa muguntarsa ta zama irin ta mutane.

Daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sai tatsuniya ta sami gindi a zahiri. A 1943 Albert Hofmann, masanin haɗa magunguna a Suwizalan, ya gano cewa ɗan ƙanƙanin maganin LSD yana sauya gani da ji da tunani. A 1953 hukumar leƙen asirin Amurka, watau CIA, ta fara wani shiri mai suna MK-Ultra, inda aka ba mutane irin wannan magani, waɗansu ba da saninsu ba. An lalata yawancin takardun shirin a 1973, asirinsa ya tonu a 1975, Majalisar Dattawan ƙasar kuma ta yi zama a kansa a 1977. A ɗaya gefen, a 1954 wani likita mai suna John Lilly ya ƙera tankin ruwa wanda mutum zai shiga cikin duhu, ba ƙara ba haske, domin a ga abin da ƙwaƙwalwa za ta yi idan aka yanke ta daga duniya. Daga waɗannan abubuwa uku masu shirya fim suka ɗebi kayan aikinsu.

Fim ɗin da ya fi cancantar dogon nazari shi ne Altered States, watau sauyawar hayyaci, wanda Ken Russell ya shirya a 1980 daga littafin Paddy Chayefsky na 1978. William Hurt ne ya fito a matsayin Edward Jessup, malamin jami'a mai yawan magana, wanda ya gaskata cewa tarihin halitta gaba ɗaya yana ajiye cikin jikin kowane mutum, ana kuma iya komawa gare shi. Ya tafi Meziko ya samo wani haɗi na laimar kwaɗi wurin wata ƙabila, ya komo ya sha, ya shiga tanki. Chayefsky da Russell sun saɓa a kan yadda za a faɗi kalmomin wasan, har marubucin ya cire sunansa ya sa Sidney Aaron a madadinsa. Russell ya sa 'yan wasa suna zuba magana da sauri, suna katse juna, wani lokaci da abinci a baki. Ko mene ne nufinsa, abin ya yi wa fim ɗin amfani, domin mai kallo ya kan ji malaman nan sun cika ɗaki da kalmomi, alhali ba mai sauraren wani.

To, a tsakiyar wannan ambaliyar magana ne aka fito da Jessup daga tanki, bakinsa da jini, ya kasa furta ko kalma ɗaya. Sai ya karɓi takarda ya rubuta cewa a ɗauki hoton wuyansa. Da aka kai hoton wurin masani, sai ya ce wannan ai maƙogwaron goggon biri ne. Lalle akwai gaskiya a ƙarƙashin ƙagen, gama manyan birai suna da wata jakar iska a maƙogwaro wadda ɗan Adam ba shi da ita. Wannan wuri shi ne mafi kyau a fim ɗin duka, kuma ɗalibin ilmin harshe zai ga dalili. Murya dabam, harshe dabam. Tun 1861 Paul Broca ya nuna cewa rauni a wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kan ɗauke magana ko da maƙogwaro lafiya lau ya ke, bebe kuwa ya kan yi zance cikakke da hannu. Jessup ya rasa murya, amma harshe yana nan, tun da ya iya rubutu. Watau mutum ne sosai a kulle cikin jikin da ya fara ƙin yi masa biyayya, yana sane, yana kallo. Abin tsoron ke nan, ba a kuwa bukaci dodo kafin a kai gare shi ba.

Sai dai fim ɗin bai tsaya nan ba. A gwaji na gaba Jessup ya fito a siffar wani ɗan guntun mutumin farko mai gashi, ya bi titi karnuka na binsa, ya shiga gidan namun daji ya kashe wata dabba ya ci ɗanya. Daga nan tsoro ya ragu, kallo ya ƙaru. Dalili kuwa shi ne, da zarar harshe ya tafi gaba ɗaya, babu sauran wanda za a ji wa tsoro, sai wanda za a guje wa. Labarin ya koma irin na mai rikiɗa kura da dare, wanda yara suka sani tun a bakin kakanninsu, aka dai lulluɓe shi da rigar likita. Ta wajen kimiyya ma ba shi da madogara, gama babu maganin da zai mai da jikin mutum siffar kakannin halittarsa. A ƙarshe matarsa Emily ce ta jawo shi daga halaka, shi ma ya jawo ta, sa'an nan ya faɗa mata kalmar ƙauna wadda ya shekara da shekaru yana ƙyashin faɗa. Waɗansu sun ga wannan rufewa ta yi arha. Ta yiwu haka ne, amma ta bi ƙa'idar fim ɗin, domin mutumin da ya tafi neman gaskiya inda babu kalma, da kalma ya komo.

Finafinai biyu na 1990 sun ƙara fito da wannan ma'auni. A cikin Flatliners, na Joel Schumacher, ɗaliban likita biyar ne suka shirya tsai da zuciyar junansu na ɗan lokaci, sa'an nan a farfaɗo da mutum ya ba da labarin abin da ya gani. Huɗu suka yi. Abin da ya biyo su daga can shi ne alhakin da ke kansu da baƙin cikin da suka binne, kowa kuma ya ɓoye wa ɗan'uwansa, gwaji ya ci gaba a kan rahoton ƙarya. Ɗaya daga cikinsu bai sami sauƙi ba sai da ya nemo wata mace da ya riƙa zagi suna yara, ya roƙe ta gafara. Fim ɗin ya yi sauƙin hali da yawa, gama ya mai da mutuwa kamar ɗakin da a ke shiga a fita, amma ya gane cewa gwajin hankali ba shi da awo sai bakin wanda aka gwada. Idan ya yi shiru, ko ya yi ƙarya, ilmi ya tsaya.

Jacob's Ladder, na Adrian Lyne, ya juya al'amarin, ya kuwa fi sauran nauyi. Jacob Singer tsohon soja ne da ya yi yaƙin Biyetnam, yana aiki a gidan waya a birnin New York, yana ganin waɗansu fuskoki marasa kama da na mutane. Shi bai nemi gwaji ba. Daga baya wani mai haɗa magunguna ya gaya masa cewa an zuba wa rundunarsu wani magani na ƙara zafin faɗa, har suka kashe juna. Bakin Jacob garau ya ke, abin da ya rasa shi ne mai gaskata shi. Asibiti ya ce ba shi da takardunsa, lauya ya janye, abokan yaƙinsa suka ja da baya. Magana ba ta cika sai da mai ji, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi, amma shi an hana shi ranar wankan. Wannan ya yi daidai da halin waɗanda aka yi wa gwajin MK-Ultra, da aka lalata takardun da za su zama shaidarsu. Ko da ya ke ƙarshen fim ya nuna cewa duk abin nan tunanin mutum ne mai gargarar mutuwa a asibitin soja, wannan bai rage nauyin abin da aka gani ba.

Idan aka jera finafinan huɗu, za a ga matakai. Hyde ya riƙe magana ya bar kunya. Jessup ya rasa murya, daga baya ya rasa harshe. Ɗaliban likita suna da magana suka ɓoye ta. Jacob kuwa ya yi magana bai sami mai ji ba. Gwargwadon yadda fim ya dogara ga fenti da gashin roba, gwargwadon yadda ya ke saurin tsufa, shi ya sa biri-mutumin Russell ya kan ba 'yan kallon yau dariya, alhali wurin da Jessup ya ke lalube da alƙalami yana nan da ƙarfinsa bayan shekara 40 da 'yan kai. Malamin da ya ke koyar da bambancin murya da harshe zai yi wuya ya sami misalin da ya fi wannan ɗan wuri kama zuciyar ɗalibi.