"Ai Ga Shi Ya Kawo": Inda Masu Saita Rauta Suke Tsayawa Da Wuri

A hanyar Dutsin-Ma ta Batagarawa, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Ilimi ta Tarayya suke, shagunan kwamfuta da ƙananan ofisoshi da intanet suke cin abinci: rajistar ɗalibai, biyan kuɗin makaranta, duba sakamako. Da wuya ka shiga ɗaya ba ka ga rauta a rataye a bango ba. Yadda ake saita ta kuwa kusan hadda ce. A haɗa ta da layin kamfani, a kunna mai raba adireshi ga kwamfutocin ciki, a kunna NAT, a buɗe Google. Ya buɗe? To, a sallami mai gyara. Da wannan ma'auni nake da ja.

Mene ne NAT ɗin? Ka ɗauki babban gida mai ɗakuna ashirin da zaure ɗaya. Kowane ɗaki yana da lambarsa ta cikin gida, irin 192.168.1.5, amma mutanen waje adireshin zaure kaɗai suka sani. Idan wani ɗaki ya aika saƙo, mai zaman zaure zai goge lambar ɗakin ya sa adireshin gidan, ya rubuta a littafinsa wanda ya aika da lambar ƙofar da saƙon ya bi. Amsa na dawowa sai ya duba littafin ya miƙa wa mai ita.

Ba don tsaro aka ƙirƙiro wannan dabara ba, ƙarancin adireshi ne ya haife ta. Tsarin IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake ɗauka. A 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka bayyana NAT a takardar RFC 1631 a matsayin maganin wucin gadi, a wannan shekarar kuma aka ware lambobin cikin gida masu farawa da 10 da 172.16 da 192.168. Duk da haka babban rumbun adireshin duniya ya ƙare a Fabrairun 2011.

Amma sau nawa ka ji ana ce wa mai ofis, "Alhaji, kada ka damu, kana bayan NAT"? Gaskiya ne baƙon da ba a aika a kira shi ba ba zai san ɗakin da zai nufa ba. Sai dai wannan ba bincike ba ne, rashin sanin hanya ne kawai, kuma shi kansa zauren a bakin titi yake. A Nuwamban 2016 wani nau'in Mirai ya kai wa rautoci hari a Jamus, kusan masu hulɗa da Deutsche Telekom 900,000 suka rasa intanet, alhali rautocin nan suna ta yin NAT ɗinsu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne darussan bidiyo na MikroTik da ke farawa da goge saitin da na'urar ta zo da shi, wai don a fara da tsabta. Katangar tsaron da kamfanin ya sa tana cikin abin da aka goge. Sai a ƙara doka ɗaya ta NAT, intanet ya kawo, bidiyo ya ƙare, ba a mayar da katangar ba.

A shagunanmu ma ɓarawon ba sai ya zo daga Turai ba. Ana ba kwastoma kalmar sirrin Wi-Fi, shafin sarrafa rautar kuma yana nan da admin da admin ɗinsa. Duk wanda ya shiga zai iya canza DNS, wato mai nuna wa kwamfuta hanyar shafuka, ya karkatar da mai neman shafin banki zuwa na bogi. A kwamfutocin nan ake shigar da lambar NIN da bayanan katin banki na 'ya'yan mutane.

Sai maganar kuɗi. Mai ofis ya sayi kyamarar tsaro yana so ya riƙa kallo daga gida, mai gyara ya buɗe ƙofa a rauta, abu ya ƙi. A ce rauta ce ta lalace, a sayo sabuwa, nan ma shiru. Galibi matsalar ba a ofis take ba. Kamfanonin waya su ma suna yin nasu NAT ɗin, wato zaurenka yana cikin wani babban zaure da kuke rabawa da ɗimbin mutane. Hatta Starlink, da ya shigo Najeriya a 2023, haka yake yi a tsarinsa na gida. Idan kuma aka jona rauta a bayan na'urar sim, zaure ya zama uku. Ganewa ba ta cin minti biyu: duba adireshin da rautar ta samu daga waje. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, lambobin da aka ware wa kamfanoni a 2012, ko ya fara da 10, to buɗe ƙofa aikin banza ne. Ko dai ka nemi adireshin kanka daga kamfani, ko ka bi ta VPN.

Ba na ɗora wa masu gyara laifin duka. Wanda aka biya kuɗin "ya kawo" ba zai zauna yin aikin da ba a gani ba. Amma canza kalmar sirrin sarrafawa, rufe shiga daga waje, kashe UPnP, ware wa kwastomomi Wi-Fi nasu daban, da sabunta manhajar rautar, duka ba su kai rabin awa ba. Kuma a IPv6, da Starlink ke bayarwa tun yanzu, kowace kwamfuta adireshinta take samu kai tsaye. A can babu zauren da za a fake da shi, katangar tsaron da aka saita ce kawai tsakanin kwamfutar ofis da titi.