Ɗinkin yadin roba a kan baƙin keke

Teloli da yawa sun haddace wata magana: wai yadin roba aikin kamfani ne, duk wanda ba shi da injin wibin ya haƙura da shi. In ka musa, sai su ɗauko maka rigar da ɗinkinta ya tsinke tun ranar da aka fara zura kai, ko kalmasar da ta yi tudu da kwari, su ce ga zahiri. Ni ban karɓi wannan hukunci ba. Matan da ke saro yadin hijabi a Kantin Kwari suna ɗinkawa a ɗakunansu, a kan baƙin keken Butterfly mai ƙafa, sun daɗe da ƙaryata shi.

Saƙar roba ta girmi keken ɗinki nesa ba kusa ba, domin tun 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila. Keken da Elias Howe ya yi wa rajista a 1846, da na Isaac Singer a 1851, an yi su ne da yadin masaƙa a zuciya, mai zaren tsaye da na kwance, wanda ba ya miƙewa. A 1958 Joseph Shivers na kamfanin DuPont ya samar da zaren da ake kira Lycra, yadi ya ƙara talewa, keken gida mai miƙaƙƙen ɗinki kuwa yana nan yadda yake. Sai a ƙarshen shekarun 1960 wata mata a jihar Oregon ta Amurka, Ann Person, ta shiga koya wa matan gida dabarar da na fi ƙauna a wannan fage, wato jan yadi yayin ɗinki, ta sa wa makarantunta suna Stretch & Sew.

Yadin roba zare ne da ke shiga cikin kansa, zarge cikin zarge, kamar hular sanyin da ake saƙa wa jarirai. Da an ja shi zargen ya buɗe, yadi ya yi tsawo. Miƙaƙƙen ɗinki kuwa tsawon zarensa daidai yake da tsawon yadin a lokacin da allura ta bi ta kai, saboda haka in yadi ya miƙe dole zare ya tsinke. Abin da ake bukata shi ne a ajiye rarar zare a cikin ɗinkin. Zigizag da wibin suna ajiye ta a gefe. Baƙin keke kuma da hannu ake sa shi ya ajiye ta.

Mai ɗinki za ta ƙara tsawon taku, kamar tara a inci ɗaya, ta sassauta sukurun saman keke domin ƙafar ta rage danne yadi. Hannun hagu ya kama yadin ta bayan allura, na dama ta gaba, su ja da ƙarfi iri ɗaya. Nan ne masu koyo ke faɗuwa, don sai hannun baya ya rinjayi na gaba, ya fizgo yadin, allura ta lanƙwashe ko ta karye. Haƙoran keke ne ke tafiyar da yadi, aikin hannu kawai ya riƙe shi a miƙe. Da an saki, yadin ya koma yadda yake, takun ya matso kusa da juna, zaren ya samu wurin motsi. In an ja fiye da kima ɗinki ya yi igiyar ruwa, in an ja kaɗan ya tsinke a jiki. Kuma yadin da aka ja faɗinsa raguwa yake yi, don haka ido ba ya barin bakinsa. Shi ya sa gwana ba ta taɓa rigar sai ta gwada a ƙyalle, ta ja shi iya ƙarfinta, ta kasa kunne ko za ta ji ƙas.

Da yawa daga laifin da ake ɗora wa keke na allura ne. Allura mai tsini tana yanke zargen, a wanki na biyu sai ka ga ƙananan huda sun jeru a bakin ɗinki. Allurar roba mai dasasshen kai ratsawa take yi tsakanin zare, kuma ita ke rage tsallaken nan da ke faruwa idan yadi ya biyo allura sama har ƙoshiya ta kasa kama zare. A haɗa da zaren foliyesta, don na auduga ba ya jure ja. Shi kuwa wibin da ake ta kambamawa, babban aikinsa a atamfa da shadda hana baki zarewa ne, yadin roba kuma bakinsa naɗewa yake yi, ba kasafai yake zarewa ba. Sitati da guga sun isa su kwantar da shi. Na yarda cewa yadin kayan wasanni mai Lycra da yawa ya fi ƙarfin miƙaƙƙen ɗinki, wannan sai zigizag. Amma ba shi ne yadin da yawancin gidajenmu ke sawa ba.

Inda na fi son a tsaya a duba shi ne fuskar hijabi. In ta matse, ta shata goshi ta shaƙe haɓa. In ta saki, ta zame gashi ya fito, mai salla ta yi ta gyara. Telan da ya tashi a kan shadda ya saba ƙara inci a kan awo domin jiki ya wala, a nan kuwa ragewa ake yi, kuma babu lambar da za a rubuta a littafin awo, don kowane yadi da irin talewarsa. Mai ɗinki za ta naɗe yadin, ta ja inci huɗu a kan tef ta ga inda ya tsaya, ta saki ta ga ko ya koma. Daga nan ta yanke bakin fuskar ya gaza ramin tsawo, ta raba kowanne gida huɗu da alli, ta haɗa alama da alama, ta riƙa jan bakin kaɗai tana barin jikin hijabin a sake.

A wurina wannan ƙwarewa ta fi aikin wuyan da kwamfuta ke zubawa a babbar riga, ko da yake kuɗin da ake biya bai nuna haka ba. Masu koyar da ɗinki a shaguna da cibiyoyin koyon sana'a, waɗanda ke kai almajiri har ga yankan kaftani ba su taɓa sa masa yadin roba a ƙarƙashin allura ba, ya kamata su gayyato waɗannan mata masu ɗinkin hijabi su koyar, a kuma biya su kuɗin malanta.