Jinjina ga Masu Saƙa Maƙala

Tun 1939, da Abubakar Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, marubutan Hausa ke koyon yadda ake riƙe mai karatu. Yau da karatu ya koma cikin waya, aikin ya ƙara wuya: in sakin layin farko bai kama mutum ba, sai yatsa ya wuce.

Shi ya sa nake jinjina muku, ku da kuke tsara maƙala kafin ku ɗora alƙalami. Kuna tantance majiya, kuna datse jimlar da ta zarce, kanunku ba ya yaudara. Abin da ya fi burge ni, kuna sa wa ƙ da ɗ lanƙwasarsu ko da wayar na gardama.