Yaƙin Anacha a Cikin Adaka: Jinjina ga Wani Tarin Jaridu a Wudil

Duk mai son tarihi da bai ga tarin jaridun yaƙin basasa da wani tsohon malamin makaranta, Baba Malam, ya adana a Wudil ba, wallahi an bar shi a baya! Adaka ce ta ƙarfe cike da Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, an jera su wata-wata, tun daga Yulin 1967 da aka fara harbi har zuwa Janairun 1970 da Philip Effiong na Biyafara ya miƙa wuya a Barikin Dodan. Takardun sun yi ja, gefensu ya fara marmashewa, amma ka ɗauki guda ɗaya ka ga ko za ka iya ajiyewa.

Inda tarin ya fi tsuma ni shi ne ɗaurin da Baba Malam ya keɓe wa yaƙin Anacha. Kai, jama'a! Runduna ta Biyu ce ta sojan Najeriya, ƙarƙashin ɗan Kano, Kanar Murtala Muhammed. Ta kori dakarun Biyafara daga Jihar Tsakiyar Yamma, ta iso Asaba a farkon Oktoban 1967, sai ta tarar an karya gadar Neja da ke tsakanin Asaba da Anacha. Mutumin Wudil, wanda ya tashi yana kallon kogi da gada da kwale-kwale, ba sai an yi masa dogon bayanin abin da wannan ke nufi ba. Murtala ya ce a tsallaka ta ruwa. Aka gwada, aka sake gwadawa, aka yi asarar sojoji masu yawa. Daga ƙarshe sai da rundunar ta zagaya ta Idah, ta gangaro ta Awka, kafin ta shiga Anacha a Maris na 1968. Kafin watan ya ƙare kuma aka yi wa ayarin motocinta kwanton ɓauna a Abagana, tankar mai ta kama, wuta ta cinye jerin motocin.

Duk wannan yana cikin littattafai, to me ya sa nake ta zumuɗi? Saboda littafi ya san ƙarshen labari, jarida kuwa ba ta sani ba. Wanda ya rubuta shafin bai san wa zai yi nasara ba, haka ma uwar da aka karanta wa a zaure, ɗanta yana bakin daga. Kana bin fitowa bayan fitowa, sai ka ji zuciyarka na bugawa kamar ba ka san yadda ta kaya ba. Ga tallace-tallace a gefe, farashi da fam da sule, duniya tana ta harkokinta ana tsakiyar yaƙi. Ita kuma Hausar Gaskiya, jaridar da Abubakar Imam ya fara yi wa edita a Zariya a 1939, sai dai a ce ma sha Allah: gajerun jimloli, babu kame-kame.

Wani abin da ya ƙara mini ganin girman Baba Malam shi ne bai mai da jarida waliyyiya ba. Ya san jaridar lokacin yaƙi tana da ɓangare. Shi ya sa ya saƙala 'yan takardu da rubutun hannunsa, yana tuna wa mai karatu kisan fararen hula da aka yi a Asaba a Oktoban 1967, da yunwar da ta hallaka yara a yankin Biyafara. Wannan shi ne adalci, Allah ya saka masa!

Sannan ka dubi ɗawainiyar: shekaru sama da 50 yana faɗa da gara da kyankyaso da danshin damina, ga masu tsire da ƙosai da ke jiran takardar naɗi. Irin waɗannan shafuka sai ka je Gidan Arewa a Kaduna ko Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya. Ga su kuwa a Wudil!

Kirana ga ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote da matasan garin: ku je da ladabi, ku wanke hannu, ku ɗauki hoton kowane shafi a adana a kwamfuta. Wanda kuma ya gaji tsofaffin takardu a gidansu, don Allah ya duba kwanan wata kafin ya ba almajiri ya hura wuta.