Nakiya, Gwanintar Matan Karkara

A ƙauyukan Dambatta da Makoda da Bichi, inda gona ke manne da gona, in ka ji lugude ya zarce na dakan fura, to biki ya matso, ana haɗa gara. Alkaki da dubulan suna da masoyansu, amma a wurina nakiya ce ke nuna macen da ta iya.

Kayanta ba su da yawa: shinkafa, sukari ko zuma, man shanu, sai citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. Shinkafar ma ta gida ce, irin wadda ake nomawa a fadamu da bakin madatsun Tomas da Watari. A wanke ta, a jiƙa, a baza ta tsane, a daka, a tankaɗe.

Wurin suyar garin ake bambance gwana da 'yar koyo. Wuta kaɗan take so, karan dawa biyu ko uku, kuma muciya ba ta hutawa. Babu agogo babu sikeli, hancinta ne ma'auni. In ta sauke da wuri, nakiyar ta yi gafi kuma ba za ta jima ba. In ta yi sakaci ƙauri ya shiga, shinkafar kwano guda ta tafi a banza. Haka sukarin: tana dafa shi tana ɗan dangwalowa, ta murza tsakanin yatsu biyu, sai ta ga ya fara ja da danƙo ta ce, "Yaya, kawo turmin, ya yi."

Daga nan sai kirɓi. Mata biyu ko uku ke karɓa-karɓa, ana zuba man shanu kaɗan-kaɗan, har curin ya haɗe, ya yi sheƙi, ya daina kama taɓarya.

Mutanen Japan ma suna kirɓa turararriyar shinkafa a turmi su yi abin da suke kira moci. Idan sanyi ya wuce sukan sa masa ganyen yomogi, dangin tazargade, ya fito kore shar. Sai dai nasu cikin 'yan kwanaki yake yin tauri. Nakiyar da ta soyu ta kirɓu kuwa tana yin watanni a rufe cikin kwalla, amarya na gutsuro wa baƙi, wani lokaci ta dama da madara.