SHARHIN FIM: 'Sarauniya' ta Med Hondo da janar ɗin da ya sulale

Duk Basakkwacen da ya taɓa hawa motar Illela ya san cewa da ka tsallaka iyaka ka faɗa Birnin Ƙonni. Tafiyar ba ta kai ta wuni ba. To, a cikin watan Mayu na 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta afka wa garin nan, ta yi kisan da har yau tsofaffin Ƙonni ke ba jikoki labari. A lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman ne ke kan gado a nan Sakkwato.

Wannan runduna ce Med Hondo, daraktan nan ɗan Muritaniya, ya ɗauko a fim ɗin sa na 1986 mai suna 'Sarraounia', wanda ya samo daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar da ya fito a 1980. Fim ɗin ya cinye babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987, kuma gaskiya ya cancanta. Aï Keïta, wadda ta fito a Sarauniyar Lugu, ba ta da yawan magana, amma idon ta kaɗai ya ishi ɗan kallo. Shirya fagen yaƙi kuwa, da dawakai da tarin jama'a, darasi ne ga daraktocin mu.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma ba kan kyamara ba ne.

Fim ɗin ya ɗora nauyin ta'asar kusan duka a wuyan Voulet. Mu na kallon sa ya na haukacewa sannu a hankali, har ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatin su ta turo ya tsayar da shi, a Dankori ranar 14 ga Yuli, 1899. Bayan 'yan kwanaki sojojin su baƙaƙe su ka kashe shi da Chanoine. Ɗan kallo sai ya tashi da sanyin zuciya: azzalumai sun ga ƙarshen su, Sarauniya ta tsira. Shi kenan?

Ina! Rundunar ba ta mutu da su ba. A cikin hafsoshin akwai wani laftana mai kula da igwa, Paul Joalland, wanda ya biyo ayarin tun daga farko, ya ratsa Lugu da Ƙonni tare da su. Kafin watan Yulin ya ƙare ragowar rundunar ta ci Damagaram bayan gumurzun Tirmini, daga baya aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. Joalland ya karɓi ragama, shi da Laftana Meynier wanda ya zo tare da Klobb, su ka nausa Tafkin Chadi. A Afrilun 1900 su na cikin waɗanda su ka yaƙi Rabe a Kusuri, inda aka kashe shi. Joalland ya ci gaba da hawa matakan soja har ya zama janar, ya rubuta littafin sa kan abin da ya faru a Dankori, ya rasu a 1940. Shi ma Meynier janar ya zama. Chanoine kuwa dama ɗan janar ne, uban sa ya riƙe ministan yaƙi a 1898.

Ka ga inda gizo ke saƙa, mai karatu. Hukumar Faransa ta rufe bincike da cewa zafin Afrika ne ya taɓa kyaftin biyun, amma ƙasar da su ka ƙwato da jini ba ta mayar ba. Hondo maƙiyin mulkin mallaka ne na gaske, babu mai musu. Duk da haka, da ya bar Joalland a gefen hoto ya sa mahaukaci a tsakiya, ya yi wa waccan hujjar rabin aiki ba da niyya ba. Mahaukaci ya kan ba da tsoro, amma mai hankalin da ya gaji aikin sa ya samu anini a kafaɗa shi ya fi cancantar a sa masa ido.

Ƙorafi na biyu na gida ne. Sakkwato ta fito a matsayin mai kai wa arnan Lugu hari, ba a tsaya an nuna mana tsaka-mai-wuyar da daular ke ciki ba, Faransa ta arewa, Ingila ta kudu, saura shekara huɗu ta faɗi a 1903. Sannan an ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, don haka Sarauniyar ƙasar Hausa ba da Hausa ta ke magana ba.

Ban ce kada a kalla ba. A nema a kalla, har a maimaita. Amma labarin Ƙonni na nan ya na jiran marubuci ko furodusan da zai faɗe shi da harshen waɗanda abin ya faɗa wa. Daga Sakkwato, kuɗin mota kawai zai kashe ya je ya tambayi jikokin su.